Yadda Ake Ajiye Esansi da Gaz a Gidajen Ollelewa

A ƙasar Ollelewa ta gundumar Tanut aka gina matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe ranar 28 ga Nuwamba 2011 domin tace ganga 20,000 a kowace rana daga ɗanyen man da ake turowa ta bututu daga Agadem. Manyan wurare irin wannan suna ƙarƙashin dokar Nijar ta 1966 game da wuraren sana'a masu haɗari, wadda ta ɗora wa hukuma alhakin sa musu ido. Amma man da ke cikin bido a bayan ɗaki, ko a kwalabe a teburin mai ruwa-ruwa, wato mai sayar da mai a bakin hanya, ba shi da mai tsaro sai mai shi.

Matakin farko shi ne sanin cewa tururin mai ne ke kama wuta, ba ruwansa ba. Kowane mai yana da matakin kamawa, wato mafi ƙarancin zafin da yake fara fitar da tururi mai iya cin wuta: na esansi yana wajen digiri 40 ƙasa da sifiri, na kananzir kimanin 38, na gazuwal kuwa sama da 50. Tun da zafin bazara a wannan yanki yakan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, kananzir ɗin da ake raina wa haɗari yakan shiga sahun esansi a wannan lokaci. Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka yana bin ƙasa har ya tarar da murhu ko garwashin shayi, wutar kuma ta biyo shi zuwa bakin bidon.

Daga nan sai zaɓen wuri, wanda shi ne ginshiƙin aikin duka. Ana neman ɗakin ƙasa ko na siminti da ke ware, mai inuwa, mai kafofin iska a sama da kuma dab da ƙasa, nesa da madafa, da ɗakin kwana, da rumbun hatsi, da tarin kara ko harawa. Rumfar zana ba ta dace ba ko kaɗan, musamman da hunturu, lokacin da iska ke iya ɗaukar wuta daga danni zuwa danni. A share ciyawar da ke kewaye, a sa kwado saboda yara, a ajiye bokitin yashi da shebur a waje kusa da ƙofa, domin wanda aka ajiye a ciki ba ya ɗaukuwa idan wuta ta tashi.

Mazubin da ya fi dacewa shi ne jarkar ƙarfe ko ta roba mai kauri wadda aka ƙera domin mai, mai murfi da ke rufuwa gam. Ba a cika ta maƙil, domin mai yana kumbura da zafi. A rubuta sunan abin da ke ciki, kada kuma a zuba kananzir a bidon da ya taɓa ɗaukar esansi, domin gaurayensu ne ke fasa fitila da risho. Ana juye mai a fili, jarka na ƙasa, bayan an kashe babur ko injin janareto ya huce, ba taba, ba ashana.

Tukunyar gaz, ko ta kilo 6 ce ko ta 12.5, a tsaye ake ajiye ta, a inuwa, ba cikin rami ba. Ana gwada yoyo da ruwan sabulu a bakin tukunya da mahaɗin tiyo, inda kumfa ke nuna wurin da gaz ke fita, kuma tiyon da ya tsattsage canza shi ake yi, ba ɗaure shi da roba ba. Warin gaz da gangan ake sa shi domin gargaɗi. Wanda ya ji shi sai ya rufe kan tukunya, ya buɗe ƙofa da taga, ya fitar da mutane, ba tare da taɓa makunnin lantarki ba.

Idan wuta ta kama mai, ba a watsa mata ruwa, domin mai yana tasowa bisa ruwa ya yaɗu. Yashi ko na'urar kashe gobara mai gari ake amfani da su, a kira 'yan kwana-kwana ta lamba 18. Tukunyar gaz da wuta ta riga ta kewaye kuwa nesa da ita ake yi. Haka ma ake yi idan tankar mai ta kife a hanyar Damagaram zuwa Agadas: a watan Mayu 2019 fiye da mutum 50 suka rasu kusa da filin jirgin Yamai, galibinsu suna kwasar man da ya malale daga wata tanka.