Yadda A Ke Binciken Tsutsar Saiwa

Ya ku manoma da dagatai, sau da yawa a kan ga tumatir ko kuɓewa ko gauta suna yaushi da tsakar rana alhali ƙasa da laima. Mai lambu ya ƙara taki, ya ƙara ban ruwa, a banza. In an tona sai a tarar saiwa ta yi ƙulle-ƙulle. Wata tsutsa ce ta shige ta, ƙarama ƙwarai, ido ba ya ganinta sai da madubin likita.

Ku lura, ƙullin nan dabam ya ke da 'yan ƙwayoyin da ke jikin saiwar wake da gyaɗa. Waɗannan masu amfani ne, da an murza su sai su ɓalle. Na tsutsa kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura.

Ga yadda masana, kamar na Samaru, su ke fitar da ita. Dabarar wani likita ce, Baermann, ya fito da ita a 1917. A kan wanke saiwa a hankali, a yayyanka ta kamar rabin inci, a ɗaure a ƙyalle mai shara-shara. Sa'an nan a sa a mazurari wanda aka toshe gindinsa, a zuba ruwa har ya rufe saiwar kaɗan. Bayan kwana ɗaya ko biyu tsutsotsin sun fito, sun ratsa ƙyallen, sun kwanta a gindi. Sai a ɗiga ruwan gindin a faifan gilashi, a duba, a ƙirga.

Amma mai rai kaɗai ke fitowa ta hanyan nan. Tamatar, in ta girma, ta kan kumbura ta zauna wuri guda cikin ƙulli, ba ta motsi. Ita sai an tsaga ƙullin da allura, ko a tafasa saiwar cikin jan rini, a gan ta.

To, ga naku aikin. Kada ku tumɓuke shuka da hannu, ƙananan saiwoyi za su katse. Ku haƙa ta da ƙasarta, wadda ta fara ciwo, ba matacciya ba. Ku sa a jaka, ku tsare ta daga rana, ku kai wa malamin gona ran nan. Saiwar da ta bushe a kan duba a rasa kome, a ce lambu lafiya lau, mai shi ya sake dasa tumatir a wurin da ya kamata ya shuka dawa ko gero.