Darasi Daga Kwamfuta: Bambancin "Babu" da "Fanko"

Gabatarwa

'Yan'uwa ɗalibai, da yake ba da Hausa na tashi ba, haruffa masu lanƙwasa (ɓ, ɗ, ƙ) sun daɗe suna ba ni wahala. Saboda haka na rubuta 'yar manhaja da harshen JavaScript, wadda take ƙirga mini su yayin da nake rubutu a burauza. Ranar da zan nuna ta a aji, na yi kuskuren harafi ɗaya, na danna maɓallin gogewa, sai ƙirgar ta tsaya cik. Kunya ta rufe ni, amma ga abin da na koya.

Yadda abin yake

Duk lokacin da mutum ya canza rubutun da ke cikin akwati a shafin intanet, burauza takan aika wa manhaja sanarwa mai suna InputEvent. Sanarwar tana ɗauke da bayanai, biyu daga cikinsu su ne:

1. inputType: irin aikin da aka yi, misali insertText idan an saka rubutu, ko deleteContentBackward idan an goge.

2. data: haruffan da aka saka.

Idan na buga ƙ, data zai ƙunshi "ƙ". To idan gogewa na yi fa? Ƙa'idar hukumar W3C ta yarda data ya zama null, wato babu shi ɗungurungum. Wannan ya bambanta da "", wato rubutu fanko. Fanko kwarya ce wadda ba kome a cikinta. Ana iya leƙa ta a ce hatsinta sifiri ne. Null kuwa ita kanta kwaryar ce babu. Manhajata ta je auna hatsi a kwaryar da ba ta nan, shi ya sa ta tsaya.

Gyaran layi ɗaya ne: kafin ƙirga, manhaja ta fara tambaya ko data null ne, in haka ne ta wuce.

Kammalawa

Tony Hoare, wanda ya shigo da null cikin harshen ALGOL W a 1965, ya nuna nadamarsa a 2009 saboda asarar da ya jawo. Duk da haka, a nan null gaskiya yake faɗa: mai gogewa bai saka kome ba. Mu ɗaliban harshe, mu riƙa bambanta "babu kwarya" da "babu kome a kwarya", a nahawu da a kwamfuta.