Sabuwar Ma'ajiya Ga Tsohuwar Kwamfuta

Da yawa daga cikin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu na hannu ne, irin su HP da Dell da Lenovo da ake saye a titin Beirut na Kano ko Banex a Abuja. Kukan masu su kusan ɗaya ne: nauyi. A kunna kwamfuta, mutum ya je ya yi alwala ya dawo ba ta gama tashi ba. Sai ya ɗauka ta tsufa, ya karyar da ita a kasuwa. Alhali sau tari ciwon a wuri ɗaya yake, wato ma'ajiyar da take adana bayanai.

Tsohuwar ma'ajiya ita ake kira HDD. Wanda ya san garmaho ba zai sha wuyar gane ta ba. Faifai ne a ciki yana juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, ga wani ɗan hannu yana kai da komo a kansa yana neman abin da aka ajiye. Duk takardar da za a buɗe sai hannun nan ya lalubo inda take, lokacin da ake ɓatawa ke nan. Dabarar ta daɗe, domin tun 1956 kamfanin IBM ya fito da ita. Kuma da yake akwai abin da ke motsi a ciki, faɗuwa ɗaya daga kan tebur kan iya halaka ta.

Sabuwar kuwa, SSD, babu abin da ke juyawa a cikinta. Dangin memorin waya ce, fasahar da aka ƙirƙiro a kamfanin Toshiba na Japan a shekarun 1980. Tsohuwar kan karanta kamar megabayit 100 a daƙiƙa, ita kuwa ko mai sauƙin kuɗin cikinsu takan kai wajen 500. Ba ta ƙara, ba ta cin batir sosai, ta kuma fi jure gargadar hanya a bayan babur.

Kafin a zaro kuɗi sai an san bakin da kwamfutar take da shi, nan ne mutane suka fi yin asara. Akwai wadda ake kira mai inci 2.5, wadda girmanta ɗaya da tsohuwar, a cire waccan a zura wannan. Akwai kuma siririya mai suna M.2, tsawonta yawanci milimita 80, ita ma iri biyu ce, SATA da NVMe, kuma ba kowace kwamfuta ce ke karɓar duka biyun ba. Wasu sababbin kwamfutoci, kamar MacBook na 'yan shekarun nan, ma'ajiyarsu a liƙe take, ba ta canzuwa. Lambar samfurin tana rubuce a ƙasan kwamfutar, ita za a nuna wa mai gyara. Giga 256 ya ishi mai rubuce-rubuce, amma mai tara hotuna da bidiyo gara ya nemi 512 ko fiye.

Jabu ma na nan. Akan sami wadda aka rubuta mata babban adadi, alhali cikinta bai kai ba. Arha mai yawa abin tsoro ce. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna lafiyar ma'ajiya da awannin da ta yi tana aiki, don haka mai saye yana da haƙƙin cewa a gwada masa a gabansa.

Aikin kansa ba ya da tsawo. Mai gyara na gari yakan fara da kwashe muhimman takardu zuwa wani wuri. Sai ya kashe kwamfutar, ya zare caja, ya cire batir. Yakan taɓa wani ƙarfe kafin ya sa hannu ciki, musamman da hunturu, lokacin da bushewar iska ke tara wa jiki lantarkin da kan lalata ƙananan kayan ciki. Da ɗan siririn sukudireba yake kwance notocin, yana jera su a kan farar takarda yadda ya ciro su, don tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogo a ramin gajere kan huda murfi. M.2 a karkace ake zura ta, a danna ta a hankali ta kwanta, a ɗaure da noti ɗaya.

Daga nan ko dai a kwafe duk abin da ke tsohuwar zuwa sabuwar da manhaja irin Clonezilla, ko a ɗora sabuwar Windows daga filashi mai giga 8. Hanya ta biyu ta fi tsabta idan kwamfutar ta cika da tarkace.

Tsohuwar ma'ajiya ba ta zama shara ba. Ana sayar da ɗan gidan da ake saka ta, a jona ta da wayar USB, ta koma wurin ajiyar kwafi. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, domin HDD takan yi ƙara ko ta riƙa sanƙarewa kafin ta mutu, SSD kuwa tana iya tsayawa farat ɗaya, kuma ciro bayanai daga cikinta aiki ne mai wuya da tsada. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu ya kamata ya riƙa kwafe aikinsa can duk ƙarshen mako.