Kifin gwangwani: kada a zubar da ƙayarsa

Ƙasar Nijar ba ta da teku. A ƙauyen da ke nesa da gulbi ko tabki, ɗanyen kifi wuya gare shi. Amma a kasuwa ana samun sardin, ƙaramin kifin teku wanda ake rufewa cikin gwangwani tare da mai. Da yawa daga ƙasar Maroko yake zuwa.

Sardin abinci ne mai gina jiki, kamar nama da ƙwai da wake. Yana ƙara jini. Mace mai ciki da mai shayarwa suna bukatarsa ƙwarai.

Wasu mata suna cire ƙayar su yar. Wannan asara ce. An dafa kifin cikin gwangwani da zafi mai yawa, ƙayar ta yi laushi, yatsa ma yana murje ta. Cikinta akwai kalsiyom, abin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori, irin wanda ke cikin nono. Yaron da ya cika wata 6, sai a murje masa kifin da ƙayar sosai, a ba shi kaɗan tare da tuwo mai laushi.

Gwangwani ɗaya ba ya ƙosar da gida, kuma kuɗi ne. Sai a zuba shi cikin miya, har da man, kowa ya samu rabonsa. A rage gishirin miya, don kifin yana da nasa.

Gwangwanin da ya kumbura, ko ya huje, ko ya yi tsatsa sosai, ba a cin sa, yana iya kisa. Wanda aka buɗe kuma ba ya kwana.