Mai Gyaran Haƙori Da Bayansa

Wanda haƙori ya hana shi barci a Roni ko Gwiwa yakan yi sammako zuwa babban asibitin Kazaure. Na Babura kuma ya nufi asibitin garinsu. Dukanmu mun san zafin haƙori, amma kaɗan ne cikinmu suka san ciwon mai gyaransa. Bari mu koyi wannan, gama 'ya'yanmu suna shiga aikin.

Baki wuri ne ƙarami mai duhu. Domin ya ga haƙorin can ciki, ma'aikaci yakan sunkuya, ya karkata wuya, ya ɗaga kafaɗa, ya daɗe a haka ba motsi. Nauyin kan babban mutum wajen kilo 5 ne. In ya sunkuya ƙwarai, abin da wuya yake ɗauka yakan kai kilo 27, bisa ga lissafin wani likita a Amurka a 2014. Jijiyoyi sukan gaji, jini ba ya gudu da kyau. Yau kaɗan, gobe kaɗan, sai ciwon wuya da na baya su zaunu, yatsu su riƙa mutuwa. Waɗansu har sukan bar aikin tun da sauran ƙarfinsu.

Dā a tsaye ake wannan aiki. A 1958 John Naughton, mutumin Amurka, ya ƙera kujera mai kwantar da majiyyaci, domin ma'aikaci ya zauna. Amma kujera kaɗai ba ta isa ba. Sai an koyi zama:

1. Tafin ƙafa biyu a ƙasa, ƙugu ya ɗan fi gwiwa tudu, baya a miƙe.

2. Gwiwar hannu kusa da haƙarƙari. A ɗaga kujera ko a sauke ta har bakin majiyyaci ya zo daidai hannu.

3. A juya kan majiyyaci, kada ma'aikaci ya murɗa nasa wuyan. Haƙoran sama, a dube su da ƙaramin madubi.

4. A gyara fitila tukuna, a ajiye kayan aiki inda hannu zai kai.

5. In an sallami mutum ɗaya, a tashi a yi miƙa kafin a kira wani.

Tun ran gini tun ran zane. Ɗalibi ya saba da wannan tun a makaranta, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu ma muna da namu rabo. In an ce mu kwanta, mu kwanta. In an ce mu juya kai, mu juya. In muka ga ma'aikaci ya ɗan tsaya yana miƙa, kada mu yi gunaguni. Idan bayansa ya lalace, mu ne za mu nemi kuɗin mota zuwa Kano da kumburarren kunci.

Tambayoyi: Me ya sa sunkuyo yake ɓata wuya? Su wane ne kuma cikin garinmu suke aiki a sunkuye? Yaya za mu koya wa tela da wanzami wannan darasi?