Darasi Na 18: Sunan Unguwarmu A Intanet

Kowane gida yana da adireshi. In babu adireshi, wasiƙa ba ta isa. To, haka abin ya ke a intanet. In jama'ar unguwa suka buɗe wurin sa labarin makaranta, da ruwa, da ranar taro, sai sun raɗa masa suna. Da sunan nan ne za a same shi. Suna linzami ne.

Mu ɗauki Abakpa, a arewacin kogin Kaduna. Waɗansu suna rubuta Abakpa, waɗansu Abakwa. Mu tsai da guda. A Inugu kuma akwai wata Abakpa. Saboda haka mu haɗa da sunan gari, kamar haka: abakpakaduna.org.ng.

Ku dubi wutsiyar sunan. Haruffan "ng" alamar Nijeriya ce, "ne" kuwa ta Nijar. "Org" na ƙungiya ne, "com" na 'yan kasuwa, "gov" na gwamnati. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke riƙe da littafin sunayen "ng" duka.

Suna mai kyau gajere ne, mai sauƙin faɗi. Ba a barin fili tsakanin kalmomi. Mu bar ɓ da ɗ da ƙ, gama ba kowa ke samunsu a wayarsa ba.

Suna yana da daraja? Ƙwarai kuwa. A 2019 an sayar da voice.com a Amurka dala miliyan 30, don gajere ne, kuma masu so da yawa. Namu ba zai yi wannan kuɗi ba. Darajarsa ita ce amanar jama'a.

Ku lura, suna haya ake yi, ana biya shekara shekara. In wa'adi ya wuce ba a biya ba, bayan wani lokaci sai ya koma kasuwa. Macuci yana iya kama shi, ya roƙi gudummawa da sunan unguwa. 'Yan'uwanmu na nesa su aika, kuɗi ya salwanta.

Don haka mu yi rajista da sunan ƙungiya, kada da sunan mutum ɗaya. Amintattu biyu su riƙe kalmar sirri. Magatakarda ya rubuta ranar biya a littafi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Don me muka haɗa Abakpa da Kaduna?
2. Mene ne ma'anar "ng"?
3. Me zai faru in ba a biya haya ba?
4. Kowa ya rubuta gajeren suna guda don ƙauyensu.