Darasi: Yadda 'Yan Kasuwa Suke Tara Bayani Kafin Su Yanke Shawara

Manufar wannan darasi

A kowace shekara ƙungiyoyinmu suna yanke shawarwari masu nauyi. Nawa za mu sayi hatsi da kaka? Yaushe za mu sayar? Wa za mu ba rance, wa za mu ce ya dakata? Sau da yawa amsarmu takan fito daga abin da muka ji a bakin wani, ko abin da mai babbar murya ya faɗa a wurin taro. Idan abin ya lalace, kuɗin gwauraye da na matasa ne yake tafiya, zumunci kuma ya ɓaci. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. A wannan darasi za mu duba yadda 'yan kasuwa manya da ƙanana suke tara bayani, da yadda bayanin yake taimakonsu su zaɓi abin da za su yi. Daga nan za mu ga abin da za mu iya yi da littafi da biro kawai.

Yana da kyau a karanta darasin a ƙungiya, mutum ɗaya yana karantawa da ƙarfi, a tsaya a ƙarshen kowane sashe a tattauna.

Mene ne tsarin bayani?

Tsarin bayani hanya ce da aka shirya domin a rubuta abin da yake faruwa a cikin sana'a, a adana shi, a haɗa shi wuri ɗaya, a kai shi ga wanda zai yanke shawara tun lokaci bai wuce ba. Yana buƙatar mutanen da za su rubuta, da abin da za a rubuta a ciki, da ƙa'idar da kowa zai bi. Abin rubutun zai iya zama kwamfuta, ko waya, ko littafin makaranta.

A babban kamfani bayani yakan hau hawa uku. A ƙasa akwai rubutun yau da kullum: an sayar da kaza, an karɓi kaza, an biya wane. A tsakiya akwai rahoton mako ko na wata, wanda manaja yake dubawa ya ga abin da yake tafiya da abin da ya tsaya. A sama akwai shugabanni, waɗanda suke kwatanta shekara da shekara kafin su ce a buɗe sabon reshe ko a daina wata sana'a. Idan rubutun ƙasa ba daidai ba ne, duk abin da aka gina a kansa zai karkace.

Manyan kantuna

Yawancinmu mun ga zanen layi-layi baƙi da fari a jikin kwalin sabulu ko gwangwanin madara. An fara karanta irin wannan zane da na'ura a kanti a watan Yuni na 1974, a garin Troy na jihar Ohio a Amurka, a jikin fakitin cingam. Duk lokacin da na'ura ta karanta zanen, kwamfuta takan rubuta abin da aka sayar, da kuɗinsa, da lokacin, ta kuma rage ɗaya daga adadin kayan da ke sito. Mai kanti ba ya jira sai kaya sun ƙare kafin ya aika a kawo wasu.

A shekarar 2004 wata guguwar teku da aka sa wa suna Frances ta nufo jihar Fulorida. Kamfanin Walmart ya koma ya duba abin da mutane suka saya 'yan makonni kafin nan, lokacin wata guguwa mai suna Charley. Kowa ya san za a nemi tocila. Abin da lissafin ya ƙara nuna musu shi ne, wani biskit mai zaƙi da ake kira Pop-Tarts yakan tafi ninki 7 na yadda aka saba. Sai suka cika manyan motoci da shi suka tura kantunan da ke kan hanyar guguwar. Rubutun cinikin da ya wuce ne ya gaya musu abin da za su loda.

Masu madara na ƙasar Indiya

Wannan misali ya fi kusa da mu, domin na mutanen ƙauye ne. A shekarar 1946 manoma masu shanu da ɓaunar gida a kewayen garin Anand, cikin jihar Gujarat ta yanzu, suka kafa ƙungiyar haɗin kai, saboda 'yan kasuwa suna sayen madararsu a wulaƙance. Ita ce ta zama Amul, wadda a yau take da membobi fiye da miliyan 3.

Ga yadda aikin yake. Kowane ƙauye yana da wurin karɓar madara, safe da yamma. Memba yakan kawo tasa, ko da lita ɗaya ce ko biyu. Ana auna yawanta, ana kuma gwada yawan maiƙon da ke cikinta, kuma da waɗannan biyu ake lissafin kuɗinsa. Da farko da hannu ake gwajin maiƙo, a rubuta a littafi, abin yana cin lokaci. Daga shekarun 1990 ƙauyuka da yawa suka samu sikeli da na'urar gwaji da aka haɗa da kwamfuta. Nan take takarda take fitowa da lambar memba, da yawan madara, da maiƙo, da kuɗi. Matar da ta kawo madara tana ganin awon da idonta, ta riƙe takardarta ta tafi gida.

Mu lura da abin da wannan ƙaramar takarda take yi. Ga memba, ita ce shaidar cewa ba a cuce ta ba, kuma tana nuna mata ko abincin da take ba saniyarta yana biyan kuɗinsa. Ga shugabannin ƙauye, idan maiƙon madarar wani ya faɗi kwatsam, sun san akwai abin bincike: ko dabba ba ta da lafiya, ko an ƙara ruwa. Ga babbar ƙungiya, idan aka haɗa takardun ƙauyuka duka, ana sanin inda za a tura motar ɗaukar madara da watannin da madara take yawa. A can madara takan yi yawa lokacin sanyi, ta ragu lokacin zafi. Saboda wannan rara ne ƙungiyar ta buɗe masana'antar garin madara da man shanu a Anand a 1955, domin kada ta mayar da madarar memba gida ranar da kasuwa ta cika. Awo ɗaya da aka rubuta da gaskiya yana yi wa mutum uku aiki, kowa a matsayinsa.

Sanin farashi kafin a ɗauki kaya

Akwai bayanin da ba a cikin littafinmu yake ba, a kasuwa yake. Wani masanin tattalin arziki mai suna Robert Jensen ya bi masunta na jihar Kerala a Indiya lokacin da wayar hannu ta shiga yankinsu, tsakanin 1997 da 2001. Kafin waya, mai jirgi yakan kai kifinsa kasuwar garinsu kawai. Idan ya tarar ta cika, kifi ya ruɓe a zubar, alhali a wata kasuwa da ba ta da nisa masu saye suna komawa hannu wofi. Kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na kifin da aka kama yana lalacewa haka. Da waya ta zo, tun suna kan ruwa suke kiran kasuwanni su ji inda ake nema. Zubar da kifi ya ƙare. Ribar masunta ta ƙaru da kashi 8 cikin 100, farashin da masu saye suke biya kuma ya ragu da kashi 4.

An ga irin wannan a Nijar. Jenny Aker ta bincika kasuwannin hatsi tsakanin 2001 da 2006, ta tarar cewa bayan zuwan waya bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Canjin ya fi girma tsakanin kasuwannin da kai kaya a tsakaninsu yake da tsada. Ɗan kasuwa da a da sai ya biya mota ya je ya tambaya, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. Matambayi ba ya ɓata.

Na'ura ma takan yi kuskure

Kada mu ɗauka duk abin da kwamfuta ta nuna gaskiya ne. A 1999 Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya ta fara amfani da wani tsarin lissafi mai suna Horizon a ƙananan gidajen waya. Tsarin yana da lahani, yakan nuna kuɗi sun ɓace alhali ba su ɓace ba. Hukumar ta gaskata na'ura ta ƙi gaskata mutane. Tsakanin 1999 da 2015 an gurfanar da masu riƙe da gidajen waya fiye da 900 a kotu bisa zargin sata ko lissafin ƙarya. Wasu sun shiga kurkuku, wasu sun rasa gidajensu wajen biyan kuɗin da ba su ci ba. Sai a 2019 babbar kotu ta tabbatar da lahanin tsarin, a 2024 kuma majalisa ta yi doka ta soke hukuncin da aka yi wa ɗaruruwansu.

Wannan gargaɗi ne gare mu. Idan littafi bai yi daidai da kuɗin da ke akwati ba, kada mu yi saurin kiran ma'aji ɓarawo. A sake ƙirgawa, a sake tarawa, a ba shi dama ya yi bayani. Sunan mutum idan ya ɓaci a ƙauye, gyaransa yana da wuya.

Mu gwada da namu lissafi

Waɗannan lambobi na misali ne kawai, kowace ƙungiya ta sa nata. A ce zumuntar mata ta sayi wake buhu 20 da kaka, kowane buhu kwano 40, wato kwano 800. Sun saya naira 1,000 kowane kwano, jimla naira 800,000. Da damina suka sayar naira 1,200. Kowa ya yi murna, ana cewa an ci ribar naira 200 a kowane kwano, wato naira 160,000.

Amma magatakarda ta rubuta komai. Littafinta ya nuna kwano 680 kawai aka sayar, ƙwari sun lalata kwano 120, daidai da buhu 3. Kuɗin da ya shigo naira 816,000 ne. Mota da hayar ɗaki sun ci naira 30,000, don haka abin da aka kashe duka naira 830,000. Ashe faɗuwa aka yi ta naira 14,000.

Ba tare da littafi ba, za a nemi naira 160,000 a hannun ma'aji, a rasa, a fara gunaguni. Da littafi, kowa ya ga inda kuɗin suka tafi: ƙwari sun cinye wake na naira 144,000. Yanzu ƙungiya tana da abin da za ta tattauna a kai. Za ta iya sayen buhu mai riɓi uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, mai hana iska shiga har ƙwarin su mutu ba tare da magani ba. Idan kuɗin buhunan bai kai asarar ba, shawarar ta fito fili. Za ta iya kuma sayarwa da wuri, ko ta koma ajiye wani hatsi.

Abin da za mu fara yi

- Mu fara da shawarar da ke gabanmu, sa'an nan mu tambayi wane bayani take buƙata. Kada mu tara abin da ba za mu yi amfani da shi ba.
- A rubuta abu a ranar da ya faru: kwanan wata, kaya, awo, kuɗi, da sunan wanda ya karɓa.
- A yi amfani da mudu ko kwano ɗaya wajen saye da sayarwa.
- Mai riƙe da kuɗi dabam, mai riƙe da littafi dabam. Mutum na uku ya duba su biyun kowane wata.
- A rubuta asara da bashi kamar yadda ake rubuta riba.
- A zaɓi mutum ɗaya da zai kira kasuwanni biyu ko uku kowane mako ya rubuta farashi. Bayan shekara biyu za mu san watan da farashi ya saba hawa.
- A karanta rahoto da ƙarfi a taro, domin waɗanda ba su iya karatu ba su ji, su kuma yi tambaya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Wace babbar shawara ce ƙungiyarmu ta yanke bara? Da wane bayani muka yanke ta?
2. Idan ma'ajinmu ya yi tafiya yau, akwai wanda zai buɗe littafi ya gane abin da muke da shi da abin da ake binmu?
3. A labarin masu madara, me ya sa yake da muhimmanci memba ta ga awo da idonta?
4. Wace asara ce muke yi kowace shekara wadda ba mu taɓa aunawa ba?
5. Idan lissafi bai daidaita ba, waɗanne matakai za mu bi kafin mu zargi wani?
6. Su wa a cikinmu ba sa jin rahoton kuɗi? Me za mu yi domin ya kai gare su?

Kafin taro na gaba, kowace ƙungiya ta kawo littafinta na bara. Za mu zauna tare mu tara abin da ya shiga da abin da ya fita, mu ga abin da zai gaya mana game da kakar da ke zuwa.